Riƙe Mani Gona, Amarya

Ranar Laraba ce, kwana huɗu bayan Babbar Sallah, shekarar da zan shiga aji uku a lekol, makarantar boko, akwatin ya iso gidanmu a Tanut. Ina zaune a ƙofar gida ina tauna soyayyen naman layya da na zaro daga tukunyar Inna ba da saninta ba, sai ga amalanken jaki ya kunno kai daga hanyar tasha, ɗauke da wani abu dogo da aka lulluɓe da bargo biyu aka tamke da igiya. Baffa Sale, ƙanen babana, wanda ya yi shekara uku a Libiya, yana tafe a gefe ya dafa abin da hannu kamar mai rakiyar majinyaci. Ƙarti shida suka sauke shi. Idan kun taɓa jin na ce goma sha biyu ne, to, shida ne. Da aka yaye bargon, kakana, mahaifin babana, wanda duk gida ke kira Baba Tsoho, ya taso daga tabarmarsa, ya zagaya abin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da sanda, sannan ya dubi Baffa ya ce, "Shekara uku a ƙasar mutane, abin da ka samo ke nan, firigon da ba shi da ƙofa?"

Injin wasa ne, tsohon yayi, irin wanda ake tsayawa a gabansa. Ya fi Baffa tsawo. Yana da gilashi kamar na tele, da wani ɗan ƙarfe mai jan kai da ake murzawa hagu da dama, da maɓalli guda da ya sha hannu har fentinsa ya goge. Idan an kunna, wani ɗan jirgi ne a ƙasan gilashin, wasu halittu masu fukafukai kuma su yi ta saukowa daga sama garke-garke, kai kuma ka yi ta harbi har su cinye maka rai uku. Aka ajiye shi a shagon da ke jikin zaurenmu, mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi ɗaya ta cikin gida. Kafin mako ya zagayo, samarin unguwa sun tashi da fadarsu, da butar shayinsu da bencinsu, sun dawo ƙofar gidanmu. Baba Tsoho ya kafa doka da kansa: daga azahar zuwa la'asar a rufe shago, mutanen gida su huta da kukan aljanu. Kowa ya yaba masa, aka ce dattijo ya yi maganar dattawa.

Akwatin nan yana da ciwo guda, mantuwa. Yana jera makin gwanaye a gilashi, amma da an ɗauke wuta sai ya manta da kowa, ya tashi kamar jaririn da aka haifa yau. A Tanut kuwa wuta baƙuwa ce mai kunya, tana gaisawa take neman takalmanta. An yi rigima sau uku, an yaga riga ɗaya, sannan Baffa ya samo dabara. Duk wanda ya ci maki mai yawa, za a rubuta sunansa da gawayi a bangon shago, amma sai da shaidu biyu baligai da suka gani da idonsu, kuma mutum ɗaya ne zai yi wasan tun daga farko har ƙarshe. Sunan da ya zauna a can sama, kusa da azara, shi ne na Ilu Bakanike: dubu sittin da takwas da ɗari huɗu. Ilu yakan bar babur a kwance, hanjinsa a waje, mai shi yana tsaye, ya zo ya yi "hannu ɗaya kawai." Ya rame a kan akwatin nan. Idan ya shigo, bangon yake fara duba kafin ya yi sallama.

Ni kuwa a lokacin ba a kirana da sunana, Zuwera. Rediyo ake ce mani, kuma ni na jawo wa kaina. Idan an aike ni famfo da bokiti, nakan dawo da rabin ruwa da cikakken labari. Ni na ce akuyarmu ta cinye allin Mushe, malamin ajinmu, ta kwana uku tana kashi fari. Ni na ce na ga raƙumin wani Buzu daga Tenhiya wanda sai mai shi ya yi guzuri kafin ya fara hawansa. Ni na ce akwai rijiya a Belbeji da in ka saki guga ranar Juma'a sai Lahadi za ka ji ƙararsa. A wajen surfe, a wajen carafke, a ƙarƙashin itacen bedin lekol lokacin hutun tara, 'yan mata kan kewaye ni suna dariya har da riƙe ciki, amma da na ce rana ta fito sai sun leƙa waje. Hakan bai dame ni ba. Mutum ɗaya ne yake sauraron labarina har ƙarshe da fuskar gaske, ya ƙara da tambaya ma, shi ne Baba Tsoho. Yana kirana amarya, ina kiransa angona mai haƙori huɗu. Ni ke kai masa furarsa, ni ke tsince masa ƙaya a ƙafa, kuma rabin cukunsa nawa ne.

Wata rana da bazara, bayan azahar, gida ya yi tsit, Inna ta kishingiɗa, kaji sun buɗe baki a gindin randa. Na lallaɓa zan saci ƙanƙarar da Baffa ke ɓoyewa a shago, sai na ji ƙaramin kuka, fiu, fiu, kamar ana matse ɗan tsako. Na tura ƙofar cikin gida a hankali. Baba Tsoho ne tsaye gaban akwati, ya naɗe hannun riga, ya tura hula ƙeya, ya liƙa tsumma a bakin lasifika don kada a ji. Harshensa a waje kamar ɗan aji ɗaya yana rubutu a kan allo. Ashe dokar da ya kafa, wa kansa ya kafa ta. Ya waiwayo ya gan ni. Ya ce idan na faɗa wa wani, ya sake ni saki uku. Na ce to, a ba ni hannu ɗaya kullum, kuma cukun ya zama nawa duka. Muka daidaita a kan hannu ɗaya da kashi biyu cikin uku. Da yake ban kai gilashin ba, shi ya mirgino mani tsohon turmi ya kife, nake hawa.

Abin da samarin fada ba su sani ba shi ne, Baba Tsoho ya yi wannan wasan tun kafin a haifi ubanninsu. Tun yana ɗan shekara bakwai ake ɗora shi a kan rumfar itace a tsakiyar gonar gero, a hanyar Tarka, da majajjawa a hannu da igiyar gwangwanaye ɗaure a ƙafa, yana tsaron zangarniya daga tsuntsayen jan-baki tun fitowar rana har faɗuwarta. Shi bai taɓa cewa jirgi ko harbi ba. Ƙasan gilashin gona ne, masu saukowa kuma tsuntsaye. Ya ce Ilu yana da hannu amma ba shi da haƙuri, yana bin tsuntsu ɗaya ɗaya kamar mai bin bashin gaba. Shi kuwa yakan tsaya a wuri guda ya jira. Ya nuna mani cewa kowane garke yana da na gaba, inda ya karkata nan sauran za su bi, kuma garke na bakwai kullum ta hagu yake ɓullowa. "Kada ki kalli wanda ya iso," in ji shi, "kalli inda sama ta yi duhu." Ya gaya mani kuma cewa a zamaninsu ba a barin rumfa babu kowa ko na ƙiftawar ido. In lokacin salla ya yi, sai ka ƙwala wa na kusa kira ka miƙa masa majajjawa, ya riƙe maka gona har ka idar.

Ranar da abin ya faru, ina kan turmi a gefensa ina lasar tsamiya. Makin ya yi ta hawa, ya wuce dubu hamsin, ya wuce sittin, na daina lasa. Ya taka na Ilu ya wuce kamar bai gan shi ba, sai da ya kai dubu saba'in da ɗaya ransa na ƙarshe ya tafi. Muna tsaye muna kallon lambar, ko numfashi ba mu gama saukewa ba, ƙit, aka ɗauke wuta. Gilashi ya yi baƙi, babu abin da ke ciki sai fuskokinmu biyu. Na manta da saki uku, na manta da cuku. Ana idar da la'asar na faɗa tsakiyar fada ba ko ɗankwali, na shelanta. Dariyar da aka yi ranar, har jakin maƙwabta ya taya su. Ilu ya ce ai ya ji labari, raƙumin Tenhiya ne ya zama shaida na biyu. Baffa ya kama hannuna muka je gaban tabarmar Baba Tsoho, samari na biye, ya durƙusa yana danne dariya ya ce, Baba, ga abin da Rediyo ta kawo yau. Na tsaya ina kallon Baba Tsoho, na tabbata zai yi magana. Ya shafa gemu, ya dubi samarin nan da ke cire takalmi in za su gaishe shi, ya dubi liman da ke zaune kusa da shi, sannan ya yi murmushi ya ce, "Kun dai san amaryata da labari."

Na sha yin ƙarya ana dariya ina jin daɗi. Wannan ne karo na farko da na faɗi gaskiya aka yi dariya, kuma ban san haka take da zafi ba. Na shiga yaji. Ban daina kai masa fura ba, don Inna za ta ci mani, amma sai in durƙusa har ƙasa in ce, "Ga fura, Malam," in tashi. Babu ango, babu haƙori huɗu. Ya aiko mani da goriba, na ba akuya. Ya ajiye cuku guda cur a kan turmina, na bar shi nan har tururuwa suka yi biki. Kwana tara muka yi haka, kuma wannan lissafin ban ƙara masa ko ɗaya ba. A cikin kwanakin ne na lura da wani abu. Ya miƙa hannu zai ɗauki ludayi ya kama gefen ƙwarya. Ya gaida Inna da sunan wata. Na ji babana yana gaya wa Baffa a zaure cewa likita ya ce yanar ido ce ke rufe idon Baba Tsoho, ta cinye na hagu, ta fara na dama. Da rana kuma shago shiru, babu fiu, babu fiu.

Ana haka Baffa ya samo wani fim a wayarsa, samari suka taru da hantsi a inuwar zaure suna kallo. Ba fim ɗin faɗa ba ne, ba na soyayya ba. Mutanen gaske ne, Nasaru, a can wata ƙasa, da aka bi su da kyamara har gidajensu saboda sun haukace a kan akwati irin namu. Ba mu jin yarensu, Baffa ne ke fassarawa, kuma ina zargin rabin fassarar daga kansa take. Akwai mai sanƙo da ya ajiye injin a ɗakin girki matarsa na harararsa. Akwai wanda ya tsaya wuni guda cur yana wasa, ana ba shi abinci a baki. Wani ƙato ya fashe da kuka don an ƙi yarda da makinsa. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, su ba su neman shaidu biyu, ɗaukar wasan suke a kaset su aika wa alƙalai. Baba Tsoho na kan tabarma ya ba mu baya yana jan carbi, kamar ba ya ji. Can sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, wannan mai kukan, yana da iyali? Baffa ya ce har da jikoki ma, ga furfura nan. Baba Tsoho ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da carbinsa. Da azahar na kai fura na ce ga fura, Malam. Ya riƙe bakin zanena ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Amarya, nemo wayar."

Baffa ya ba ni tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi yana dariya, ya ce in ɗauko musu aljanin da ke wasa da rana. Muka zaɓi ranar da ya tafi Belbeji, don in ba ya nan shago a rufe yake wuni. Sai dai ni ba maki kawai nake so in ɗauka ba, fim nake so irin na Nasaru. Na fara da ƙofar gida, na nuna rumbu, na nuna randa. Na yi hira da akuya a matsayin maƙwabciya. Na tambayi Inna ra'ayinta game da gwanin, ta jefo ni da mafici, kuma yana cikin fim ɗin, ana ganin tahowarsa. Sannan na zaunar da Baba Tsoho a kan kujera, na ce ya gaya wa duniya sirrinsa. Ya ce sirrinsa shi ne ya auri mace mai surutu, duk abin da ya fi ta shiru hutu ne a gare shi. Na tambaye shi ko yana tsoron Ilu. Ya ce ya ga fara ta rufe rana a nan ƙasarmu ta Damargu, Ilu kuwa ko inuwar kirki ba shi da ita. Muna ta wannan shiririta, inuwa tana tafiya. Da ya kama ƙarfen, rabin lokacinmu ya ƙare a bakina.

Ya fara wasa, kansa a karkace, idon dama a gaba, hancinsa kusan a jikin gilashi. Ni kuma ina bayansa da waya ina ba da labari kamar mai sharhin kokowa a rediyo: ga zakin Damargu, ga mai haƙori huɗu da ya cinye garke bakwai. A dubu talatin wani ya ɓullo ta hagu, ɓangaren da ba ya gani, ya ɗauke masa rai ɗaya. Daga nan na bar sharhi na koma idonsa na hagu, in na ga duhu a can sai in ce hagu, ya karkata. Muka wuce hamsin. Muka wuce sittin. Muna dubu sittin da uku, saura ƙiris, sai ladan ya ɗaga murya a masallacin ƙofar gidanmu. Akwatin nan ba ya tsayawa, ba shi da wurin da ake dannawa ya jira mutum. Baba Tsoho kuwa tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya rasa sahun farko ba. Na ce ya ɗan ƙara, ai ba a tayar ba tukuna. Ya ƙara garke ɗaya. Aka tayar da iƙama. Ban ga ya yi wani dogon tunani ba, ya ja turmi da ƙafa zuwa gaban akwati ya ce, "Riƙe mani gona, amarya." Ya fita yana laluben takalmi.

Na jingina wayar da buta a kan benci, na haye turmi. Raka'a huɗu ce la'asar, amma ranar na rantse liman ya yi arba'in. Ban bi kowa ba, na tsaya inda yake tsayawa, ina kallon inda sama ta yi duhu, ina kuka ina harbi, majina har baki. Suka ɗauke mani rai ɗaya, saura ɗaya tal. Ina ta faɗa wa ɗan jirgin nan cewa in ya mutu sai na ci ubansa. Sai na ji hannu mai kaushi ya sauka a kan nawa, yana ƙamshin ƙasar masallaci. Ya karɓa. Na sauka na ɗauki waya. Da rai ɗayan nan ya taka sunan Ilu ya wuce, ya tsaya a dubu saba'in da uku da ɗari biyu. Na ɗauki lambar har wayar ta yi zafi.

Da yamma na kalli fim ɗin a bayan rumbu. Komai ya fito: fitarsa, hawana turmi, ƙeyata tana rawa na tsawon salla guda. Doka kuwa ta ce mutum ɗaya. Washegari na bi ta wajen mai tura waƙoƙi a waya a bakin tasha, na tambaye shi a kaikaice ko ana iya cire tsakiyar fim a haɗe bakinsa. Ya ce kamar yankan ƙyalle, ko tela ba zai gane ɗinkin ba. Na dawo da murna na raɗa wa Baba Tsoho. Ya murza carbi, sannan ya ce, "Sallar tawa za ki yanke?" Na ce to ai za su hana mu. Ya ce su hana. Na zauna a gefen tabarmarsa ina haushi, ina cin cukunsa.

Ranar da Baffa ya dawo, bayan la'asar, fada ta cika, aka jingina wayar a kan akwatin kansa. An yi dariyar akuya, an yi dariyar mafici. Da aka ga Baba Tsoho ya tura hula ƙeya ya kama ƙarfe, sai dariya ta ɗauke kamar wutar Tanut. Ilu ya matso har yana ture mutane, bakinsa na motsi yana ƙirga garke. Aka zo wurin salla, aka ga ƙeyata, aka ji abin da na ce wa ɗan jirgi, Baffa ya rufe fuska. Da fim ya ƙare Ilu ya ce, cikin ladabi, hannu biyu ne suka yi wasan. Baffa ya ce haka ne. Sai muka ji sanda a bakin ƙofar cikin gida. Baba Tsoho ne, karo na farko da ya shigo shagon nan mutane na ciki. Samari suka fara neman durƙusawa. Ya ce doka doka ce, kada a rubuta, shi ba don bango ya shigo ba.

"Ranar nan yarinyar nan ta zo da gaskiya," in ji shi, "na ji kunyarku na bar ta ita kaɗai a rana. Ni ne na yi wasan. Ita ce ta gani."

Babu wanda ya motsa. Ilu ya sunkuya ya ɗauki gawayi, ya juyo gare ni, bai ce Rediyo ba, ya ce, "Zuwera, ranar farko nawa ya ci?" Duk idanun shagon suka dawo kaina. Wallahi sai da harshena ya yi ƙaiƙayi, dubu ɗari ta zo har bakin haƙorana, ga jama'a, ga shiru, ban taɓa samun masu sauraro irin na ranar ba. Na haɗiye ta na ce dubu saba'in da ɗaya. Ilu ya hau turmina, ya miƙa hannu sama da sunansa, inda sai da ya yi ɗage, ya rubuta Baba Tsoho, ya rubuta lambar. A wurin shaidu ya rubuta sunana, ya ɗan tsaya, ya sa nasa a ƙasa. Baffa ya ce ai ba ka gani ba. Ilu ya ce ya ji daga wadda ta gani.

Yau shekara takwas ke nan. Akwatin ya mutu tun ina aji shida, wani abu ya ƙone a cikinsa da ko Ilu ya kasa samo irinsa, yanzu kajin Inna ke ƙwai a ƙasansa. Yaran unguwa kowa da wasansa a tafin hannu, shi kaɗai a lungu, wayar ce ke riƙe masa maki, ba ya bukatar kowa ya gani balle a yi musu. An yi wa shagon sabon yaɓe sau biyu, amma can sama kusa da azara akwai wani ɗan fili kamar faifai da magini ya sani ba a taɓawa. Ni ina lise, babbar sakandare, a Damagaram, sai hutu nake zuwa, kuma har yanzu in na ba da labari ƙawayena sukan raba shi biyu su ɗauki rabi. Baba Tsoho ya daina gani gaba ɗaya, haƙoran sun koma biyu. Fim ɗin ya bi ni waya uku. Duk zuwana, bayan na kai masa fura, sai ya ce in kunna masa. Ba ya son hirar akuya, wurin wasan yake so. Yakan karkata kai yana sauraron kukan injin, babban yatsansa na motsi a kan gwiwa, ya ce ga na bakwai nan ta hagu, kuma ta hagun suke fitowa. In aka zo wurin da ladan ya kira salla, sai yatsan ya tsaya cak, ya yi ta murmushi har a ji ƙarar takalminsa ya dawo.

A hutun da ya wuce wani baƙo daga Tarka ya zo gaishe shi, na ji yana ba shi labarin, ya ce dubu ɗari biyu ya ci, da ido ɗaya, kuma ga amaryarsa nan ita ce shaida. Baƙon ya juyo yana kallona. Na ce ƙwarai kuwa, a gabana aka yi.

Ya riƙe mani nawa labaran shekara da shekaru, yanzu ni ke riƙe masa nasa.